Jam'iyyar CSU ta Jihar Bavariya: Tambayoyi da Amsoshi kan Tarihinta da Shugabanninta

Duk mai bin labaran Jamus ya saba jin ana cewa "jam'iyyun CDU da CSU" a haɗe, kamar sunan mutum da na mahaifinsa. CDU sananniya ce, ita ce ta Angela Merkel da Friedrich Merz. CSU kuwa ba ta tsayawa zaɓe sai a jiha ɗaya tak cikin jihohin Jamus 16, amma ba a kafa gwamnatin masu ra'ayin riƙau a ƙasar ba tare da ita ba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta.

Wace jam'iyya ce CSU, kuma ina take?

CSU taƙaitaccen sunan Christlich-Soziale Union ne, wato haɗin kan Kirista mai kula da jin daɗin jama'a. Jam'iyya ce ta masu ra'ayin riƙau da ke jingina kanta da koyarwar Kirista, kuma gidanta jihar Bavariya ce, a kudu maso gabashin Jamus, kan iyaka da Ostiriya da Jamhuriyar Cek. Bavariya ta fi kowace jihar Jamus faɗin ƙasa, kusan murabba'in kilomita 70,550, tana da mutane wajen miliyan 13, kuma babban birninta shi ne Munik, garin ƙungiyar Bayern Munich da kamfanin BMW. Mutumin Hamburg ko Berlin ba zai ga sunan CSU a takardar ƙuri'arsa ba. Haka nan mutumin Munik ba zai ga CDU a tasa ba.

Tun daga 1957 har yau, ba a yi firimiyan Bavariya wanda ba ɗan CSU ba. Jam'iyyu kaɗan ne a Turai za su iya bugun ƙirji da irin wannan daɗewa ta hanyar zaɓe na gaskiya.

To ita da CDU jam'iyya ɗaya ce ko biyu?

Biyu ne. Kowacce da shugabanta, da babban taronta, da asusunta, da kundin manufofinta. Abin da ya haɗa su yarjejeniya ce mai kai biyu: ba sa takara da juna a ko'ina, sannan a majalisar dokokin tarayya, wato Bundestag, 'yan majalisarsu suna zama a rukuni guda. Ana sabunta wannan yarjejeniyar zama tare bayan kowane zaɓen tarayya, kuma a nan ƙarfin CSU yake, domin abin da ake sabuntawa ana iya ƙin sabunta shi.

Ribar da take ci a wannan tsari ba ƙarama ba ce. Reshen CDU na kowace jiha reshe ne kawai, shugabansa yana jiran abin da uwar jam'iyya ta yanke. Shugaban CSU kuwa yana zama a teburin kafa gwamnatin haɗaka a matsayin shugaban jam'iyya mai cin gashin kanta, ya sa hannu a yarjejeniya, ya zaɓi ministocinsa da kansa. A zaɓen Fabrairun 2025 ƙuri'un CSU kashi 6 cikin ɗari ne na ƙasa baki ɗaya, ta sami kujeru 44, amma ta tashi da ma'aikatu uku a gwamnatin Merz: Alexander Dobrindt a harkokin cikin gida, Dorothee Bär a bincike da fasaha da sararin samaniya, Alois Rainer a aikin gona.

Yaushe aka kafa ta, kuma su waye suka kafa ta?

An kafa ta a 1945, watanni kaɗan bayan faɗuwar Hitler, lokacin da Bavariya ke hannun sojojin Amurka. Ƙungiyoyi ne suka taso a garuruwa daban-daban, mafi muhimmanci a Würzburg ƙarƙashin Adam Stegerwald, tsohon jagoran ƙungiyoyin ƙwadago na Kirista, da kuma a Munik ƙarƙashin lauya Josef Müller. Amurkawa sun ba ta lasisin aiki a faɗin jihar a Janairun 1946, Müller ya zama shugabanta na farko. Shi wannan Müller yana cikin waɗanda suka yi wa Hitler maƙarƙashiya, ya sha ɗauri a sansanonin gwale-gwale, ya kuma tsira da kyar.

Kafin Hitler akwai jam'iyyar Katolika ta Bavariya mai suna BVP, wadda ta rayu daga 1918 zuwa 1933. Rigimar farko a cikin CSU ita ce ko za a farfaɗo da wannan tsohuwar jam'iyya ne da sabon suna, ko za a gina sabon abu. Alois Hundhammer da Fritz Schäffer suna son jam'iyyar Katolika zalla mai tsananin kishin Bavariya. Müller yana son a haɗa Katolika da Furotesta a inuwa ɗaya, a buɗe ƙofa ga ma'aikata da mutanen arewacin jihar, yankin Frankoniya, inda Furotesta suke da yawa. An ka da Müller daga shugabanci a 1949, amma a ƙarshe tunaninsa ne ya yi nasara, kuma ba don haka ba da jam'iyyar ta tsaya a ƙauyukan kudu.

Wani abu da ke nuna halinta tun tana jaririya: a Mayun 1949 majalisar Bavariya ta ƙi amincewa da kundin tsarin mulkin sabuwar Jamus ta Yamma, da ƙuri'a 101 a kan 63, wai ya ba gwamnatin tsakiya iko fiye da kima. A zama guda kuma ta yanke cewa kundin zai yi aiki a Bavariya muddin kashi biyu cikin uku na jihohi suka amince da shi. Ta nuna ƙin abin, ta kuma zauna a ciki. Wannan salon bai bar ta ba har yau.

Ta taɓa rasa mulki?

Sau ɗaya. A zaɓen jiha na 1946 ta sami kashi 52.3, amma a 1950 ta faɗo zuwa 27.4, saboda wata kishiya mai suna Bayernpartei, wadda ta fi ta zafin kishin jiha, ta yashe mata ƙuri'un manoma. A 1954 CSU ce ta zo ta ɗaya, sai dai taƙamarta da kuma nacewarta a kan a ci gaba da horar da malaman makaranta bisa ɗariƙar coci suka sa jam'iyyu huɗu suka haɗe mata kai, suka naɗa Wilhelm Hoegner na SPD, jam'iyyar 'yan gurguzu masu sassaucin ra'ayi, firimiya.

Shekara ukun da ta yi a adawa sun yi mata amfani. Hanns Seidel, wanda ya karɓi jam'iyyar a 1955, tare da babban sakatare Friedrich Zimmermann, suka mayar da ita daga taron dattawan gari zuwa jam'iyya mai ofisoshi da ma'aikata na dindindin. Gwamnatin jam'iyyu huɗun ta wargaje a 1957, Seidel ya hau. Ita kuwa Bayernpartei wata shari'a kan lasisin gidajen caca ta gama da manyanta a 1959, kuma har yau ana muhawara kan rawar da 'yan CSU suka taka a wannan shari'a.

Mene ne sirrin daɗewarta?

Abu na farko shi ne arziki. Bayan yaƙi Bavariya jihar manoma ce matalauciya, ga 'yan gudun hijira Jamusawa wajen miliyan biyu da aka koro daga gabashin Turai, akasarinsu daga yankin Sudeten. Rabuwar Jamus ta yi mata rana: kamfanin Siemens ya kwashe hedikwatarsa daga Berlin zuwa Munik da Erlangen, kamfanin da ya zama Audi ya sake kafuwa a Ingolstadt bayan ya baro gabas. CSU ba ita ta kawo wannan sa'a ba, amma ta san yadda za ta yi amfani da ita. A zamanin Alfons Goppel, firimiya daga 1962 zuwa 1978, an gina sababbin jami'o'i a Regensburg da Augsburg da Bayreuth da Passau, an kafa matatun mai a Ingolstadt, an kai hanyoyi da makarantun sakandare har lunguna. Jihar da ta yi shekaru tana karɓar tallafi daga asusun daidaita arzikin jihohi, har tsakiyar shekarun 1980, yau ita ce ta fi kowa zubawa a ciki, wajen yuro biliyan 9 a 2023. A shekarar ma ta kai ƙara kotun tsarin mulki cewa kuɗin ya yi yawa, abin da ke sa sauran jihohi tuna mata da jiya.

Na biyu shi ne yadda ta shiga jinin karkara. Mambobinta sun haura dubu 120, a jiha guda. Ɗan CSU ne a ƙungiyar 'yan kwana-kwana ta sa-kai, shi ne a kwamitin coci, shi ne a ƙungiyar manoma, shi ne ke buɗe bikin gari. Da gangan jam'iyyar ta ɗauki launin tutar jihar, fari da shuɗi, ta kuma sa zakin Bavariya a tambarinta, har ta kai wanda ya soki CSU sai a nuna kamar Bavariya ya soka.

Na uku dabara ce da ba kowa ke iya ta ba: tana cikin gwamnati a Berlin, tana kuma yi wa Berlin adawa daga Munik. In abu ya yi kyau, ministocinta ne suka kawo. In ya ɓaci, "mutanen Berlin" ne.

Daga 1966 zuwa 2008 ita kaɗai ta yi mulki ba tare da abokin haɗaka ba. Ƙololuwarta shi ne 1974, da kashi 62.1. Sai dai manyan birane ba su cika ba ta kai ba. Munik kanta ta fi daɗewa a hannun magadan gari 'yan SPD.

Wane ne Franz Josef Strauss da kullum ake ambato?

Shi ne mutumin da ya mayar da CSU abin da duniya ta sani. An haife shi a Munik a 1915, ɗan mahauci ne, ɗalibi mai kaifin ƙwaƙwalwa da ya karanci Latin da tarihi. Ya shugabanci jam'iyyar shekara 27, daga 1961 har rasuwarsa a ranar 3 ga Oktoba 1988, bayan ya yanke jiki ya faɗi a wajen farauta kusa da Regensburg. Ya riƙe ma'aikatar nukiliya, sannan ta tsaro daga 1956 zuwa 1962, sannan ta kuɗi daga 1966 zuwa 1969, ya kuma zama firimiyan Bavariya a 1978.

Mai baki ne na gaske. Taron da CSU ke yi duk ranar Larabar Toka, farkon azumin Kirista, a garin Passau, inda ake shan giya ana yi wa abokan hamayya wankin babban bargo, shi ya ɗaukaka shi. Masoyansa sun ɗauke shi tamkar sarki, maƙiyansa kuma suna ganin hatsari ne ga dimokuraɗiyya, kuma kowane ɓangare yana da abin nunawa.

Babban tabonsa shi ne rikicin mujallar Der Spiegel a 1962. Mujallar ta buga rahoto kan raunin rundunar sojan Jamus, aka kai samame ofishinta bisa zargin cin amanar ƙasa, aka tsare mai ita Rudolf Augstein kwana 103, aka kuma kamo marubucin rahoton a Sifen da sa bakin Strauss. Ya ce wa majalisa ba ruwansa, gaskiya ta fito, ministoci biyar na FDP, ƙaramar jam'iyyar da ake haɗakar gwamnati da ita, suka ajiye aiki, dole ya sauka. Wani ɗan siyasar da nan ya ƙare. Shi kuwa bayan shekara huɗu ya dawo minista.

Mutum ne mai wuyar sakawa a aji ɗaya. Babu wanda ya kai shi zagin kwaminisanci, amma shi ne ɗan siyasar Jamus ta Yamma na farko da Mao ya karɓa, a Janairun 1975. A 1983 ya shirya wa Jamus ta Gabas rancen mak biliyan ɗaya, kuɗin Jamus ta Yamma na lokacin, abin da ya fusata wasu 'yan jam'iyyarsa har suka fice suka kafa jam'iyyar Republikaner. A Disamban 1987 ya tuƙa jirgi da kansa zuwa Masko don ganawa da Gorbachev. Yana cikin waɗanda suka tsaya wa kamfanin Airbus tun yana ƙarami, kuma filin jirgin saman Munik da aka buɗe a 1992 sunansa yake ɗauke da shi. Ƙa'idar da ya bar wa magadansa ita ce kada a bari wata halattacciyar jam'iyya ta samu gindin zama a hannun daman CSU, wato wadda ta fi ta ra'ayin riƙau.

An ce ta taɓa yunƙurin rabuwa da CDU?

An yi haka. Bayan zaɓen 1976, wanda Helmut Kohl na CDU ya sami kashi 48.6 amma bai kai ga kafa gwamnati ba, 'yan majalisar CSU suka taru a Wildbad Kreuth ranar 19 ga Nuwamba, suka yanke da ƙuri'a 30 a kan 18 cewa sun bar zaman tare. Lissafin Strauss shi ne CSU ta bazu a duk ƙasa ta kwaso ƙuri'un 'yan riƙau na gaske. Kohl bai yi dogon surutu ba, ya sa aka fara neman ofis a Munik don buɗe reshen CDU a Bavariya. Nan take ciyamomi da 'yan majalisar jiha na CSU suka hango kujerunsu na rawa. Ranar 12 ga Disamba aka janye shawarar.

Tun daga nan, duk sanda 'yan'uwan biyu suka yi faɗa sai a tuno Kreuth. Kowa dai ya san iyakar barazanar: ranar da CSU ta fita daga Bavariya, ranar CDU za ta shigo, kuma wadda ta fi asara a bayyane take.

Su waye suka shugabance ta daga farko zuwa yau?

Mutum tara ne, dukansu maza: Josef Müller har 1949, Hans Ehard har 1955, Hanns Seidel har 1961, Strauss har 1988, Theo Waigel har 1999, Edmund Stoiber har 2007, Erwin Huber na shekara guda, Horst Seehofer daga 2008 zuwa 2019, sai Markus Söder. Waigel shi ne ministan kuɗin Jamus daga 1989 zuwa 1998, wanda haɗewar Jamus da shirin kuɗin yuro suka faɗo a kansa.

Kujerar shugaban jam'iyya daban take da ta firimiya. Wani lokaci mutum biyu ke riƙe su, kamar Strauss da Goppel, ko Waigel da Stoiber. Amma jam'iyyar ta fi samun natsuwa idan suna hannu ɗaya. Mace mafi girman muƙami a cikinta a jihar ita ce Ilse Aigner, shugabar majalisar dokokin Bavariya tun 2018. A Turai kuma akwai Manfred Weber, shugaban EPP, gamayyar jam'iyyun masu ra'ayin riƙau na Turai, tun 2022.

Me ya sa ba ta taɓa fitar da shugaban gwamnatin Jamus ba?

Ta gwada sau biyu. A 1980 Strauss ya kara da shugaban gwamnati Helmut Schmidt na SPD, CDU da CSU suka tashi da kashi 44.5, ƙasa da abin da Kohl ya samu. Mutanen arewacin Jamus ba su aminta da shi ba. A 2002 Merkel ta je har gidan Stoiber a Wolfratshausen ta bar masa takara a kan teburin karin kumallo. Ya yi ta jan gaba a ƙuri'un jin ra'ayi, sai ambaliyar kogin Elbe da batun yaƙin Iraƙi suka farfaɗo da shugaban gwamnati Gerhard Schröder na SPD. Ɓangarorin biyu suka tashi da kashi 38.5 kowanne, tazarar ƙuri'u wajen dubu shida kacal, amma abokan haɗakar Schröder, jam'iyyar masu kare muhalli, suka fi FDP ƙarfi. Stoiber ya yi saurin bayyana nasara a daren zaɓe, gari ya waye babu ita.

A 2021 Söder ya nemi tikitin, jama'a ma sun fi son sa, amma shugabannin CDU suka tsaya wa Armin Laschet. Söder ya janye da baki, ya ci gaba da yi wa ɗan takarar habaici har ranar zaɓe, aka tashi da kashi 24.1, mafi muni a tarihinsu. A Satumban 2024 ya bar wa Merz ba tare da dogon ja-in-ja ba.

A ganina dalilin a fili yake. Abin da ke sa ɗan CSU ya yi ƙarfi a gida, wato nuna cewa Bavariya ta fi kowa, shi ne ke sa sauran Jamusawa ɗari-ɗari da shi. Kuma CDU ba ta bayar da tikitin sai lokacin da ita kanta take cikin rauni.

Yaya ake sauke shugaba a CSU?

Da wuya a ka da shi a fili a babban taro. Ana yi masa biyayya ƙwarai muddin yana kawo ƙuri'u, ranar da 'yan majalisar jiha suka fara tsoron kujerunsu kuwa kwanansa ya ƙare. Stoiber ya kawo kashi 60.7 a 2003, da kashi biyu cikin uku na kujeru. Sai ya tsuke bakin aljihun gwamnati, ya ƙara wa ma'aikata sa'o'in aiki, ya rage shekarun sakandare cikin gaggawa, sannan a 2005 ya karɓi tayin minista a Berlin ya dawo ya fasa. A Janairun 2007, bayan rigima da wata shugabar gunduma, Gabriele Pauli, wadda ta zargi ofishinsa da bin diddigin rayuwarta, abokan aikinsa suka raba kujerunsa yana zaune. Waɗanda suka gaje shi, Günther Beckstein da Erwin Huber, sun sami kashi 43.4 a 2008, cikin 'yan kwanaki su ma aka sallame su. A wata jihar kashi 43 abin biki ne. Seehofer ya dawo da rinjaye a 2013 da kashi 47.7, amma da jam'iyyar ta faɗo zuwa 38.8 a zaɓen tarayya na 2017, Söder, wanda ba sa ga maciji da shi, ya karɓe firimiya a Maris 2018, ya ƙara da jam'iyya a Janairun 2019.

Mene ne matsayinta kan baƙi da 'yan gudun hijira?

Ta fi CDU tsauri. A 2015, lokacin da masu neman mafaka wajen 890,000 suka shiga Jamus, akasarinsu ta iyakar Bavariya suka bi, kuma gaskiya ita ce hukumomi da jama'ar jihar sun yi aikin karɓarsu da kyau. Amma Seehofer ya nemi a sa iyaka ta mutum 200,000 a shekara, Merkel ta ƙi. Ya gayyato Viktor Orban na Hangari taron jam'iyya, sannan a babban taron Nuwamban 2015 ya tsayar da Merkel a kan dandamali yana yi mata faɗa na mintuna a gaban kyamarori. A tsakiyar 2018, yana ministan cikin gida, rigimar mayar da masu neman mafaka daga kan iyaka ta kusa rusa gwamnati.

Abin da Seehofer bai samu ba a lokacin, Dobrindt ya aiwatar a Mayun 2025, washegarin kama aiki. Wata kotu a Berlin ta yanke a watan Yuni cewa mayar da wasu 'yan Somaliya uku da aka yi ya saɓa doka, gwamnati ta ce hukuncin na mutum ukun ne kawai, ta ci gaba. A gefe guda kuma masana'antu da asibitocin Bavariya ba sa iya aiki ba tare da baƙi ba, shi ya sa jam'iyyar ke bambanta mai zuwa aiki da mai neman mafaka.

Musulmi yana da wuri a cikinta?

A ƙa'ida ƙofa a buɗe take, ba sai Kirista ba, kuma akwai Musulmi mambobi da kansiloli. A aikace lamarin yana da sarƙaƙiya. A 2004 jihar ta yi dokar da ta taƙaita sa ɗankwali ga malamai mata a aji. A Maris 2018 Seehofer ya ce Musulunci ba ɓangaren Jamus ba ne, ko da yake Musulmin da ke zaune a ƙasar nata ne. A shekarar Söder ya ba da umarnin rataye gicciye a ƙofar kowane ofishin gwamnatin jiha, har babban limamin Katolika na Munik, Kadinal Reinhard Marx, ya soki matakin da cewa yana raba kan jama'a. A 2020 wani ɗan kasuwa Musulmi ya janye daga takarar magajin gari a wani ƙaramin gari saboda 'yan jam'iyyar na wurin sun ƙi shi don addininsa, shugabanni a Munik suka nuna takaici. Duk da haka, gwamnatin CSU ɗin ce ta mayar da darasin Musulunci darasi na dindindin da ɗalibi zai iya zaɓa a makarantun jihar a 2021.

Wane irin shugaba ne Markus Söder?

An haife shi a Nuremberg a 1967, Furotesta ne daga Frankoniya, ya karanci shari'a, ya taɓa aikin jarida a gidan talabijin na jihar. Yana saurayi hoton Strauss ne a saman gadonsa. Ya iya kafofin sada zumunta fiye da kowane ɗan siyasar Jamus na sa'anninsa, har hotunan abincin da yake ci sun zama abin bi a Instagram.

Abin da aka fi zarginsa da shi shi ne bin iska. A 2018 ya yi zafi kan baƙi, ya sami kashi 37.2, dole ya haɗa gwamnati da jam'iyyar Freie Wähler ta Hubert Aiwanger. A 2019, da mutane miliyan 1.7 suka sa hannu a takardar neman dokar kare ƙudan zuma, ya rungumi dokar, aka ma ɗauke shi hoto yana rungume da bishiya. Bayan 'yan shekaru masu kare muhallin suka zama manyan abokan gabarsa. A 2011 yana kan gaba wajen neman rufe tashoshin nukiliya, a 2023 yana kan gaba wajen neman a bar su. Magoya bayansa suna cewa sauraron jama'a ke nan.

Ba a samun badaƙala a jam'iyyar da ta daɗe haka?

Ana samu. Max Streibl, magajin Strauss a kujerar firimiya, ya sauka a 1993 bayan an gano wani attajiri mai ƙera jirage ya ɗauki nauyin hutunsa a ƙasashen waje. Karl-Theodor zu Guttenberg, ministan tsaro da ake yi wa kallon shugaban gobe, ya sauka a Maris 2011 saboda satar rubutu a kundin digirinsa na dakta. A 2013 aka bankaɗo 'yan majalisar jiha da dama, akasari na CSU, suna biyan matansu da 'ya'yansu albashi daga kuɗin gwamnati a matsayin ma'aikatan ofis, shugaban rukuninta Georg Schmid ya sauka. A 2021 wasu 'yan majalisa biyu suka karɓi kamasho mai tsoka a cinikin takunkumin korona. Kotu ta ce dokar lokacin ba ta kama su ba, amma sun bar rukunin jam'iyyar, daga baya aka tsaurara dokar.

Mafi tsada shi ne harajin hanya da CSU ta nace a ɗora wa motocin baƙi. Kotun Tarayyar Turai ta soke shi a Yunin 2019, alhali minista Andreas Scheuer ya riga ya sa hannu a kwangila. Diyyar da aka biya kamfanonin yuro miliyan 243 ce.

Tana da wata alaƙa da Afirka?

Tana da ita, mai daɗi da mara daɗi. Strauss aminin Gnassingbé Eyadéma na Togo ne, ya kuma yi adawa da ƙaƙaba wa gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu takunkumi. Duk tsawon mulkin Kohl, daga 1982 zuwa 1998, ma'aikatar raya ƙasashe masu tasowa tana hannun 'yan CSU. Gerd Müller, wanda ya riƙe ta daga 2013 zuwa 2021, shi ya fito da shirin Marshall tare da Afirka a 2017, ya kuma matsa aka yi dokar da ke tilasta wa kamfanonin Jamus lura da haƙƙin ma'aikata a ƙasashen da suke sayen kaya, ba da son wasu 'yan jam'iyyarsa ba. Yanzu shi ne shugaban hukumar raya masana'antu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNIDO. Gidauniyar Hanns Seidel, mai alaƙa da jam'iyyar, tana da ofisoshi a ƙasashen Afirka da dama.

Za a iya kwatanta ta da NPC ta Sardauna?

Ta wata fuska. Dukansu jam'iyyun yanki ne masu riƙo da addini da al'ada, waɗanda suka yi amfani da ƙarfin gida wajen juya gwamnatin tsakiya, kuma kamar yadda Sir Ahmadu Bello ya zauna Kaduna ya bar wa Tafawa Ɓalewa Legas, shugabannin CSU da dama sun fifita Munik a kan kujerar minista. Bambancin shi ne Arewa ce mai rinjayen kujeru a Jamhuriya ta Farko, Bavariya kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin shida na Jamusawa ba, sai da babbar 'yar'uwa take kaiwa ga mulki. Sannan tun kundin 1979 Najeriya ta wajabta wa jam'iyyu su zama na ƙasa baki ɗaya, dokar Jamus kuwa ba ta hana jam'iyyar jiha ɗaya ba.

Wace barazana ke gabanta yanzu?

Ƙa'idar Strauss ta karye. A zaɓen jiha na 2023 CSU ta sami kashi 37.0, Freie Wähler 15.8, jam'iyyar AfD mai tsattsauran ra'ayin ƙin jinin baƙi 14.6, kuma su biyun a hannun damanta suke farauta, a karkarar da a da ba ta da abokin takara. A zaɓen tarayya na 2025 AfD ta kai kashi 19 a Bavariya. A birane masu kare muhalli ne ke jan matasa masu ilimi. Coci, wanda a da yake tara mata jama'a, yana rasa mabiya kowace shekara, Katolika ma sun koma ƙasa da rabin mutanen jihar.

Akwai kuma matsalar lissafi. Dokar zaɓe tana auna CSU da ma'aunin ƙasa baki ɗaya, inda ake bukatar kashi 5 kafin jam'iyya ta shiga majalisar tarayya, kuma a 2021 kashi 5.2 ta samu. Gyaran dokar da aka yi a 2023 ya so cire kariyar da ke ba jam'iyyar da ta ci mazaɓu uku damar shiga majalisa, kotun tsarin mulki ta dawo da kariyar a Yulin 2024. Duk da haka sabon tsarin ya cije ta: a 2025 ta lashe dukkan mazaɓu 47 na Bavariya, amma uku daga cikin waɗanda suka yi nasara ba su sami kujera ba. Söder ya ce ba zai haɗa gwamnati da AfD ba, ba kuma zai yi da masu kare muhalli a jihar ba, wanda ke nufin kusan Aiwanger kaɗai ya rage masa. Zaɓen jiha na gaba a 2028 ne.